Jiki a Legas, ƙuri'a a Daura: amsa kan tsarin tarayya da ƴan ci-rani

Wa'alaikumus salam ƙanena. Bari in taƙaita tambayarka saboda masu karantawa. Ka ce kai ɗan Daura ne kana neman abinci a Legas, kuma duk inda ka juya a Agege da Mile 12 da Alaba Rago ƴan Baure ne da Zango da Mai'adua da Sandamu, amma in zaɓe ya zo yawan nan naku baya amfanar ku a can kuma baya amfanar ku a gida. Sannan ka ji ana cewa a ƙasar da ke bin tsarin tarayya jihohi gasa suke yi wajen kyautata wa jama'a don kada mutane su tattara su bar su, toh mi ya sa mu ba mu ganin wanga abu a ƙasa?

Abin da ka ji ɗin gaskiya ne, a aji ma haka muke koyar da shi. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Charles Tiebout, shi ya fito da bayanin a 1956, ya ce idan gwamnatoci ƙanana suna da yawa kuma mutum na da ikon tashi daga wannan ya koma waccan, toh ƙafarsa ma ƙuri'a ce, wanda bai yi aiki ba mutane za su gudu su bar shi, harajinsa ya ragu, dole ya gyara. Amma maganar tana da sharuɗɗa guda biyu da ba a cika faɗa ba. Sai in tafiyarka tana jawo wa wanda ka bari asara, kuma sai in inda ka sauka sun karɓe ka a matsayin nasu. A Amurka duka biyun suna nan. Tun gyaran tsarin mulkinsu na 1868 duk jihar da kake zaune kai ɗan wannan jihar ne, babu mai tambayarka garin kakanka. Obama a Hawai aka haife shi ya zama sanatan Ilinoi. Kuma duk shekara 10 suna ƙidaya su sake raba kujeru 435 na majalisar wakilai, bayan ƙidayar 2020 Tekzas ta ƙaru da kujera 2, Kalifoniya ta rasa 1, karon farko a tarihinta. Kaga gwamnan da mutanensa ke tsiyayewa yana gani a aljihun jiharsa yana gani a yawan kujerunsa, dole hankalinsa ya tashi.

Mu a nan duka sharuɗɗan biyu a karye suke, kuma daga nan matsalarka ta taso.

Fara da kuɗi. Abin da ake rabawa duk wata daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, bayan an cire kashi 13 na jihohin da ake haƙo mai. Idan aka zo raba na jihohin a tsakaninsu, kashi 40 daidai wa daida ake yi, wato don kawai ke jiha ce, kashi 30 yawan jama'a, sauran kuma faɗin ƙasa da yanayinta da harkar makarantu da asibitoci da ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Yawan jama'ar kuma da wace ƙidaya ake auna shi? Ta 2006, wadda ta ba Katsina kusan miliyan 5.8, tun daga nan ba a sake ƙirga mu ba. Toh ka lissafa da kanka. Yau in samari cikin tirela goma suka tashi daga Baure suka nufi Kudu, ko sisi ba zai ragu daga kason Katsina ba, ko na ƙaramar hukumar Baure, a takarda suna nan ana karɓar kuɗi da sunansu alhali ba su shan ruwan famfon jihar ba su zuwa asibitinta, kuma ƙarshen wata su turo kuɗi gida a sayi taki a yi wa mahaifiya magani, wato nauyin da ya kamata hukuma ta ɗauka ku kuka ɗauke mata. Ba ina cewa akwai gwamnan da ke zaune yana murna mutanensa sun tafi ba, a'a, ina cewa tsarin bai tanadi wani horo da zai same shi ba in sun tafi. Jihar da mafi yawan kuɗinta daga Abuja yake zuwa, idonta na kan Abuja, kuma gasar ƴan siyasarta kan wa zai riƙe wuƙar rabo ce.

Kujeru ma haka. Tsarin mulki ya ba INEC ikon sake duba iyakokin mazaɓu bayan aƙalla shekara 10 ko bayan ƙidaya, amma mazaɓun da muke zaɓe a kansu yau kusan duk zanen zamanin soja ne na 1996 da ba a taɓa su sosai ba. Katsina na da kujera 15 a majalisar wakilai, Kano 24, Legas 24, sanatoci kuwa kowace jiha 3. Ƙananan hukumomi 774 an rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya cikin tsarin mulki, Kano 44, Katsina 34, Legas 20. Da Tinubu yana gwamna ya ƙirƙiro wasu 37 a 2003, Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas gaba ɗaya, aka je har Kotun Ƙoli, sai da marigayi Umaru Musa ƴar'Adua ya hau a 2007 ya saki kuɗin, kuma har yau waɗancan 37 ɗin ba su shiga jerin 774 ba. Na kawo wannan ne don ka gane cewa jama'a na kwarara daga wuri zuwa wuri amma taswirar da ake rabon iko da kuɗi da ita tana tsaye cik, kuma mutanen Legas ma suna da nasu ƙorafin a kan haka, ba mu kaɗai ke jin an danne mu ba.

Sai sharaɗi na biyu, wanda ya fi ci mani rai, maganar indijin, wato ɗan asalin jiha. Tsarin mulkin 1999 da baki biyu yake magana. Sashe na 41 ya ce kana da ikon zuwa ko'ina ka zauna ko'ina a Najeriya, sashe na 42 ya hana a nuna maka bambanci saboda ƙabila ko garin asali, sashe na 15 ma cewa ya yi hukuma ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a duk inda ya ga dama. Sharuɗɗan takarar gwamna a sashe na 177 kuwa babu asalin jiha a ciki, haifaffen ɗan Najeriya, shekara 35, ɗan jam'iyya, takardar sakandare, shi kenan, wato a doka kai ɗin nan kana iya neman gwamnan Legas. Amma tsarin mulkin dai shi ne ya kawo rabon daidaito, wato a raba muƙamai da guraben aikin gwamnati kowace jiha ta samu, a sashe na 14, kuma sashe na 147 ya ce dole shugaban ƙasa ya naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha kuma ya zama ɗan asalin jihar. Daga nan aka samu takardar asali da ciyaman ɗin ƙaramar hukuma ke sa wa hannu, wadda in babu ita ba aikin soja ba na ɗan sanda ba gurbin karatu ba tallafin karatu na jiha. Yaron da aka haifa a Agege, ubansa ma a Agege aka haife shi, yana jin Yarbanci kamar ruwa, in zai shiga aikin kwastan sai an sa shi a mota an kawo shi sakatariyar ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana a cikinta ba, a nemo mai unguwa da dagaci su shaida kakansa.

Ba da mugun nufi aka kawo rabon daidaiton nan ba fa, kuma mu ƴan Arewa mun fi kowa cin moriyarsa, tun manufar Sardauna ta cike aikin gwamnatin Arewa da ƴan Arewa a shekarun 1950 lokacin da muke baya ƙwarai a boko. Ba don shi ba da ofisoshi da yawa na tarayya ba ka ga ɗan Katsina a ciki ba. Amma abin da ya haifar a siyasa shi ne kowane ɗan siyasa ya san rijiyar da zai sha ruwa tana garin ubansa. Shi ya sa za ka ga mutum ya yi shekara talatin a Kaduna ko Abuja, can gidansa yake can ƴaƴansa ke makaranta, amma zaɓe na matsowa sai ga shi ya dawo ya gyara gidan gado, ya fara zuwa ta'aziyya da ɗaurin aure, ya raba shinkafa da azumi. A Kudu ma haka suke, Rauf Aregbesola ya yi kwamishina a Legas shekara takwas amma da ya tashi neman gwamna Osun ya koma, Sanata Solomon Adeola ya wakilci Legas ta Yamma har sau biyu sannan a 2023 ya koma Ogun ta Yamma ya ci. Manya suna da kuɗin da za su bi haƙƙinsu duk inda yake, talaka ne ke rabuwa biyu, cikinsa a wani gari haƙƙinsa a wani.

Kuma ba haka aka faro ba. A shekarun 1950 wani Bafulatani daga ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Azikiwe, ɗan ƙabilar Ibo, a Legas ya ci zaɓe a 1951. Abin da ya faru daga baya shi ne yankan jihohi: 12 a 1967 zamanin Gowon, 19 a 1976 zamanin Murtala, 21 a 1987 lokacin da Babangida ya cire mu daga Kaduna ranar 23 ga Satumba tare da Akwa Ibom, 30 a 1991, 36 a 1996. Kowane yanka ya kawo gwamnati kusa da mutane, wannan gaskiya ne, wanda ya san wahalar zuwa Kaduna neman sa hannu ɗaya ba zai raina samun jihar Katsina ba. Amma kowane yanka kuma sabbin baƙi yake ƙirƙirowa. Bakatsinen da ke aiki a Zariya a 1986 ɗan gida ne, kafin ƙarshen 1987 ya zama ɗan wata jiha. In ka bi rikicin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, da abin da ya faru a 1994 kan naɗin shugaban riƙo, da na 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, gindin maganar ɗaya ce, wa ke da ikon riƙe kujerar da ke sa hannu a takardar asali. An yi asarar rayuka masu yawa ta kowane ɓangare, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Yanzu zo kan katin zaɓe, don nan ne abin ya shafe ka kai tsaye. A Najeriya inda ka yi rajista nan za ka jefa ƙuri'a, rumfa ɗaya tak, babu jefawa ta gidan waya babu jefawa kafin ranar, kuma ranar zaɓe ana hana zirga-zirga. Toh yaushe ake zaɓen? Na 2015 da 2019 da 2023 duk tsakanin Fabrairu da Afrilu aka yi su, tsakiyar rani, an gama girbi an kai amfani gida tun tuni, daidai lokacin da ƙauyukanmu suka zama sai tsofaffi da mata da yara. Ɗan ci-rani ya yi rajista a gida da damina lokacin da ya zo noma, ranar zaɓe yana Fatakwal ko Onica yana tura baro. In zai zo sai ya biya kuɗin mota zuwa da komawa, ya bar sana'ar kwana huɗu ko biyar, ya bi hanyar da kowa ya san halin da take ciki. A 2019 mutane sun yi wannan sadaukarwar, suka taho, sai cikin dare ana saura ƴan awoyi a buɗe rumfuna INEC ta ɗage zaɓen daga 16 ga Fabrairu zuwa 23, da yawa guzurinsu bai kai su jira mako guda ba suka juya. A 2023 kuma canjin kuɗi ya zo, mutum na da kuɗi a banki amma ba ya da takardar naira da zai ba direba, ga layin mai. Mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista a 2023, waɗanda suka fito kusan kashi 27 cikin 100 ne. A Katsina masu rajista sun haura miliyan 3 da rabi amma ƙuri'un shugaban ƙasa da kaɗan suka wuce miliyan 1. Ba zan ce ci-rani kaɗai ya jawo haka ba, akwai fushi akwai tsoro akwai sunayen matattu da ba a goge ba, amma duk wanda ya taɓa zama a rumfar ƙauye ya ga rajista cike da sunayen samari layi kuma babu samari ya san inda suke.

Ɗan siyasa kuma ya iya lissafi. Ya san wa zai fito, don haka kamfe ɗinsa na wanda ke gida ne, atamfa da sabulu da taliya ga mata, taki ga dattawa, ɗan abin hannu ga masu unguwanni. Kai da ke Legas in ya tuna da kai sai dai ya aiko mota a kwaso ku, kuma wanda ya biya maka kuɗin mota ya riga ya saye bakinka kafin ka iso. A can Legas ɗin kuma, ciyaman ɗin da jami'ansa ke karɓar kuɗin tikiti a hannunka kullum ya san ba ka cikin rajistarsa. Lokacin da aka hana acaɓa a 2020, aka sake tsanantawa a watan Yunin 2022 a ƙananan hukumomi shida, akwai dalilan tsaro da haɗurra da gwamnati ta bayar kuma ba zan ce ƙarya ne ba, amma ka tambayi kanka da masu baburan nan duk katinsu na Legas ne, da ba a zauna da su an nemi mafita ba kafin a fara murƙushe babura? Dubi ƴan kabilar Ibo. Su da yawansu sun mayar da katinsu inda shagunansu suke, a 2015 suka ci kujerun majalisar wakilai a Ajeromi-Ifelodun da Oshodi-Isolo, a 2023 Peter Obi ya kayar da Tinubu a Legas da ratar ƙuri'a kusan dubu 10, duk da ba ƙuri'ar Ibo kaɗai ba ce, matasan Yarbawa da yawa sun bi shi. Abin ya jawo masu tsangwama da barazana a zaɓen gwamna da ya biyo baya, wannan ma gaskiya ne, amma ba wanda zai sake yin lissafin Legas bai sa su a ciki ba.

Kada ka ɗauka ina cewa tsarin tarayya bai tsinana komai ba. Akwai inda ya yi aiki sosai, kuma mu mutanen Daura mun fi kowa sani. A jamhuriya ta farko Arewa na da kujera 174 cikin 312 na majalisar wakilai, NPC jam'iyyar Sardauna ba ta buƙatar ƙuri'a ko ɗaya daga Kudu, jam'iyyu duk na yanki ne, kuma mun san inda abin ya ƙare. Shi ya sa tsarin mulkin 1979 ya kawo dokar cewa ba ka zama shugaban ƙasa da yawan ƙuri'a kaɗai, sai ka samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. A zaɓen farko ma sai da aka je Kotun Ƙoli kan lissafin kashi biyu cikin uku na 19, saboda Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12 a Kano kuma ya tsaya wajen kashi 20. Yau jihohi 24 ake nema. Marigayi Baba Buhari, Allah Ya gafarta masa, a 2011 ya samu ƙuri'a sama da miliyan 12 a CPC, ya cinye jihohi 12 na Arewa, amma a Kudu kusan babu shi, gwamna ɗaya tal jam'iyyar ta samu, Al-Makura a Nasarawa. Duk son da talakan Arewa ke masa bai isa ba, sai da aka yi haɗakar 2013 da jam'iyyun ACN da ANPP da wani ɓangare na APGA aka kafa APC, gwamnoni biyar suka fice daga PDP suka shigo, sannan a 2015 aka ci da sama da miliyan 15. Kafin shi Janar Shehu Musa ƴar'Adua ya gane wannan tun farkon shekarun 1990, shi ya sa ya gina mutanensa har cikin ƙasar Yarbawa. Kwankwaso a 2023 ya samu kusan miliyan 1 a Kano kaɗai amma jiha ɗaya ce. Dokar tana tilasta wa ɗan takara ya fita daga gidansu ya je ya roƙi wanda ba yarensu ɗaya ba, kuma ni a ganina wannan na cikin abubuwa mafi amfani da aka taɓa rubutawa a tsarin mulkinmu. A nan ne ma ƙuri'ar baƙo ke da tsada, don ɗan takarar Arewa da ke neman kashi 25 a wata jihar Kudu, ƙuri'un Sabo, wato unguwar Hausawa, da kasuwar shanu da kasuwar albasa su ne farkon abin da zai fara ƙirgawa, in suna da kati a can.

Irin wannan dokar tana kan gwamna ma, sashe na 179, kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. A Katsina 23 kenan cikin 34. Shiyyar Katsina na da 11, shiyyar Funtua 11, shiyyar Daura 12. Ka haɗa Katsina da Funtua, 22, saura ɗaya, wato ko wane ne sai ya shigo shiyyarmu ya nema. Duk da haka tun 1999 gwamnoni huɗu aka yi, Umaru Musa daga Katsina, Shema daga Dutsin-ma, Masari daga Ƙafur, Dikko Raɗɗa daga Charanchi, babu ɗan shiyyar Daura ko ɗaya, don karɓa-karɓa ba doka ba ce, yarjejeniyar manya ce da ake yi a wajen fitar da ɗan takara, kuma shekara takwas ɗin shugabancin ƙasa na Buhari an lissafa mana shi a matsayin kasonmu.

Wani amfanin kuma shi ne filin wasan ba ɗaya ba ne, wanda ya faɗi a sama yana iya tsira a ƙasa. A 2011 Katsinawa sun ba Buhari ƙuri'ar shugaban ƙasa amma Shema na PDP ya koma kujerarsa. A 2023 Atiku ne ya ci Katsina da ratar da ba ta kai dubu 7 ba ranar 25 ga Fabrairu, bayan mako uku Dikko Raɗɗa na APC ya ci gwamna da sama da dubu 800. Mutane ɗaya, rumfuna ɗaya, sun bambance fushinsu da Abuja da zaɓinsu na gida, zamanin sak ya wuce. Tsallaka Kongolam ka shiga Nijar ka gani, gwamnan Damagaram da na Maraɗi daga Yamai ake naɗo su tun kafin sojoji su karɓa a 2023, wanda ya rasa fadar shugaban ƙasa ba ya da wata jiha da zai fake a ciki ya yi aiki a gani. Inda namu ya lalace shi ne matakin ƙasa, zaɓen ciyaman da kansila hukumar zaɓen jiha ke shirya shi kuma kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ke kwashe duka, ko wace jam'iyya ce. Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma a daina kantomomin riƙo, amma muddin gwamna ne ke fitar da wanda zai zama ciyaman, kuɗin ya canza hanya ne kawai.

Akwai kuma tafiyar da ba ta son rai ba, ba zan tsallake ta ba. Mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƴan bindiga suka tasa, suna zaune a kangaye da gidajen ƴan'uwa a cikin Katsina da wasu garuruwan, wasu har Maraɗi. Rumfunansu na ƙauyukan da ba mai iya kwana. Su ne suka fi kowa buƙatar a ji muryarsu kuma su ne ƙuri'arsu ta fi wuyar jefawa. Sannan in suka yi kuka, gwamna ya ce ƴan sanda da soja na tarayya ne, kuma gaskiya ne sashe na 214 ya ce rundunar ƴan sanda ɗaya ce a ƙasar, shi ya sa jiha ta kafa nata dakarun tsaron al'umma a 2023, Abuja kuma ta ce ai ana ba jihohi kuɗi. Haka rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 da hana kai mai garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, hukuncin Abuja ne amma ɗan Mai'adua da ɗan Jibiya suka sha, kuma da yawa cikin samarin da ka gani a Legas lokacin suka taho. Mai zaɓe in bai san aikin wa ye wannan aikin wa ye wancan ba, sai ya hukunta wanda ba shi da laifi ya kyale mai laifin.

Toh shawarata gare ka. Ka duba inda kake kwana a watan zaɓe, ba inda zuciyarka take ba. In kai mai zuwa ne ka dawo da damina, iyalinka na gida gonarka na gida, bar katinka a gida, amma ku haɗa kai ku ƴan gari ɗaya ku yi asusu tun da wuri ku ɗauki motarku da kuɗinku, kada ku hau ta ɗan takara. In kuwa ka kai shekaru a can, ka kai matarka, yaranka na makaranta a can, je ofishin INEC na ƙaramar hukumar da kake lokacin da aka buɗe rajista ka nemi a mayar da katinka, ana iya fara cikewa ta intanet ma, kyauta ne, kuma ana rufewa watanni kafin zaɓe don haka kada ka jira sai an fara kamfe. Mayar da kati ba ya taɓa takardar asalinka ta Daura, abu biyu ne daban, wannan tsoron na hana mutane da yawa kuma babu shi a doka. Ku je wa Sarkin Hausawan unguwarku da shugabannin kasuwa da maganar, a yi ta a jam'i, don ƙuri'a dubu biyu a mazaɓar kansila ɗaya ta fi dubu ashirin da suka warwatse a jihohi goma.

Gyaran dokar indijin ɗin kanta aikin majalisa ne, an sha kawo ƙudirin a ba wanda ya daɗe a wuri ko matar da ta yi aure a wata jiha haƙƙin ɗan gida, har yau babu wanda ya zama doka, don sai majalisun jihohi 24 sun amince kuma kowace jiha na tsoron a raba kasonta da baƙi. Ni ina goyon bayan gyaran, amma in muna nemar wa yaranmu na Agege da Sabon Ibadan wannan haƙƙi sai mun shirya ba da irinsa a gida. Akwai Ibo mai shagon kayan gyaran mota a Funtua da Bayerabe mai gareji a cikin Katsina da aka haifi ƴaƴansu a nan, Hausa ce a bakinsu, nan suke biyan haraji, in ɗansu ya fito neman kansila a unguwar da ya tashi sai mu auna shi da abin da zai iya yi. Sanatan shiyyarmu da ɗan majalisar Daura da Sandamu da Mai'adua in sun zo neman ƙuri'a ku tambaye su matsayinsu a kan wannan ƙudiri, da kuma yaushe za a yi ƙidaya.